Cokalin Ruwa da Juyin Awa Biyu: Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Birnin Kudu da Gwaram

Ciwon ba ya sallama. Dattijo ya tashi da asuba zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafa ta ƙi. Ya buɗe baki zai kira uwargida, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, yawu na zuba a gefe guda. Kafin a fito daga masallaci gida ya cika. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wata ta ce jifa ne, wani ya ruga kiran malam, wani kuma ya tafi neman mai mota. Haka shanyewar ɓarin jiki kan shigo gidaje a Sara da Basirka da Fagam, haka kuma take yi a Sundimina da Kiyako da Wurno. Wanda Allah ya sa danginsa suka yi azama, kafin azahar yana kan gadon asibiti.

Ga mutanen kudancin Jigawa, babban asibitin da aka fi dosa idan ciwo ya yi tsanani shi ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda Gwamnatin Tarayya ta mayar tata a shekarar 2000 bayan ta daɗe tana matsayin babban asibitin garin. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. Ban da su akwai maƙwabta daga ƙasar Bauchi da ta Kano. A Birnin Kudu ne kuma Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta jihar take, inda ake yaye matasan da za su tsaya a kan marasa lafiyar yankin dare da rana.

A ƙauye duk mai farar riga likita ne. Amma wanda ya taɓa kwana jinya ya san bambanci. Likita yakan zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce gado na gaba, domin layin da ke jiransa ba shi da iyaka. Sauran awannin yini da na dare a hannun ma'aikatan jinya suke. Kuma a wannan ciwo musamman, abin da ke faruwa a waɗannan awanni shi ke raba wanda zai koma gida da sanda a hannu da wanda za a mayar a kwance.

Karon farko tsakanin nas da dangi yawanci a kan ruwa ake yinsa. Ga Baba a kwance, leɓe ya bushe, bai sa komai a ciki ba tun daren jiya. Babbar 'yarsa ta ɗauko kofi, ƙanensa ya zo da rubutu a 'yar gora, wata gwaggo ta kwance ƙullin da ta adana ruwan Zamzam tun dawowarta daga Makka. Sai Sista ta tare hannu: “Don Allah Hajiya a dakata, kada a ba shi komai ta baki tukuna.” Nan take fuskoki su sauya. Wane irin rashin imani ne za a hana mara lafiya ruwa?

Ba rashin imani ba ne. Kusan rabin waɗanda wannan ciwo ya kama sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko. Naman maƙogwaro ya saki kamar yadda hannu ya saki, sai dai shi ba a ganinsa. Abin da aka ɗura, maimakon ya bi hanyar ciki, sai ya zarce huhu. Wani zai ƙware ya yi tari a gane, wani ko tarin ba zai yi ba. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya riƙa sarƙewa, limoniya ta kama. Da yawan waɗanda ake cewa shanyewar jiki ta kashe, a gaskiya kofin kunun da aka ɗura musu a kwance da kyakkyawar niyya ne ya ƙarasa su.

Nas ɗin da ta san aikinta ba ta tsayawa a hani. Takan ɗaga kan gado har Baba ya zauna sosai, ta tabbatar yana farke yana bin ta da ido, ta goge masa baki, sannan ta ɗebo ruwa a ƙaramin cokalin shayi. “Baba, bisimilla. A hankali. Haɗiye mu gani.” Idonta na kan maƙogwaronsa, kunnenta na jiran tari. Sai ta ce ya yi magana, ko da “a” ce, don ta ji ko muryar ta jiƙe tana gurgura. In ya wuce cokali ɗaya ta ƙara, in ya wuce wannan a gwada kurɓa daga kofi. In kuwa bai wuce ba, sai a yi maganar robar hanci, wadda dangi ke tsoro kamar ita ce alamar ƙarshe, alhali ita ce ke kai kunu da madara da magani ciki ba tare da sun ratsa ta huhu ba. Gwaggo mai Zamzam kuma ba a kore ta ba. An nuna mata ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe da goshi, ta yi addu'arta. Kowa ya sami abin da ya zo nema, huhun Baba kuma ya tsira.

Wannan ba dabarar mutum ɗaya ba ce, abu ne da aka auna aka tabbatar. A shekarar 2011 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da Farfesa Sandy Middleton, wadda ita kanta ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranta a sassa 19 na masu wannan ciwo a jihar New South Wales ta Ostareliya. Ba sabon magani aka gwada ba, ba kuma sabuwar na'ura ba. Abu uku kawai aka ɗora wa ma'aikatan jinya su kiyaye a kwana ukun farko: su riƙa auna zafin jiki a kai a kai su sauke shi da zarar ya hau, su sa ido kan sukarin jini, su kuma gwada haɗiya kafin a ba mara lafiya komai. Bayan kwana 90, a inda aka bi wannan tsari kashi 42 cikin ɗari ne suka rasu ko suka kasa ɗaukar nauyin kansu, a inda ba a bi ba kuwa kashi 58. Ma'aunin zafi, na'urar gwajin sukari, cokali da farasitamol: babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin asibiti a Birnin Kudu ko a Gwaram. Abin da ake buƙata shi ne mutumin da zai tsaya ya yi, a kan lokaci, ko da ƙarfe uku na dare ne.

Shi ciwon kansa a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ko ƙafa ba. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe nata, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da daman jiki, kuma a wurin yawancin mutane shi ke riƙe da magana, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi rasa baki. Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance toshewa da fashewa, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan: asfirin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Allurar da ke narkar da gudan jini ma sai cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwon take aiki, ga tsada, ga ƙarancin wuraren da ake yinta a ƙasar nan. Wanda ya taso daga bayan Fagam a kan hanyar da damina ta cinye, bayan an ɓata rabin yini ana shawara a zaure, ya riga ya wuce wannan ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne jinya. Don haka ne a irin wannan yanki ingancin jinya ya fi nauyi a kan sikeli fiye da yadda yake a Landan ko Jidda.

Tushen abin kuma sananne ne. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya bi diddigin marasa lafiya sama da 2,000, aka buga sakamakonsa a 2018. Ya gano cewa hawan jini ne kan gaba da nisa, yana da hannu a kusan tara cikin kowane goma. Ya kuma gano cewa kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, adadin da ya zarce na Turai sosai, kuma matsakaicin shekarun masu ciwon bai kai 60 ba. Wato ba tsofaffi tukuf kaɗai yake kayarwa ba. Yana kayar da magidanci mai noman gero da riɗi, da direban da ke jigila zuwa Kano ta Wudil, da uwar da ke da autan da bai gama firamare ba. Binciken ya nuna barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa yana ƙara haɗari, yawan cin ganye kuma yana rage shi, labari mai daɗi ga ƙasar zogale da rama da yakuwa.

Bayan ruwa, sai juyi. Mai lafiya ko a barci yakan motsa ba tare da ya sani ba. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu yana nan yadda aka ajiye shi, ƙashi na danne fata a kan katifar roba, ga zufar watan Afrilu lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga fitsari in ya kuɓuce. Cikin 'yan awanni fatar ƙugu da ta ƙasan baya da diddige takan fara mutuwa. Littattafan da aka rubuta a Turai sun ce a nemi wurin da ya yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa. Gogaggiyar nas da tafin hannu take dubawa: wurin da ya fi sauran duhu, ya ɗau ɗumi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima. In aka bari ya fashe ya zama gyambon kwanciya, ana iya wata da watanni ana wanki, wani har ƙashi yake kaiwa.

Maganinsa juyi ne kusan duk awa biyu, dama, baya, hagu, da filo tsakanin gwiwoyi da wani a ƙarƙashin hannun da ya shanye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle babban mutum, don haka a nan ne nas ke jawo mai jinya jiki. A asibitocinmu kusan kowane gado da mai jinyarsa, ɗa ko ƙane ko mata, da tabarmarsa da fulas da bokiti. Ana iya kallonsa a matsayin cunkoso, a yi ta korarsa waje. Ana kuma iya mayar da shi ɗalibi. “Malam, zo ka kama nan. A'a, ba ta hannun ba, sa hannunka ta bayan kafaɗa.” Wannan gyara ɗaya ya isa ya raba mutum da azabar shekaru, domin kafaɗar da namanta ya saki in aka finciko ta da hannu takan goce daga gurbinta, ta zama ciwon da ke hana barci, ya kuma hana motsa jikin da ake fatan ya dawo da hannun.

Akwai wani gargaɗin da ya kamata a riƙa yi tun a asibiti. Mutanenmu sun yarda da gashi, kuma da zarar an ga gaɓa ta mutu sai a dafa ruwa a sa tsumma. Amma ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi. Mara lafiya ba zai ce wayyo ba har fata ta saluɓe. Haka tsaga da ƙaho: rauni ne a jikin da jininsa ba ya gudu yadda ya kamata, ba ya kuma taɓa inda ciwon yake. Aikin dawo da gaɓa na masu gashin ƙashi ne na asibiti, waɗanda ke lanƙwasa kowace gaɓa su miƙe ta, su koya wa mutum zama a bakin gado, sannan tsayuwa, sannan taku. Shi ma da ƙa'idarsa. Wani babban bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa matsa wa mara lafiya da yawan tashi tun cikin awa 24 na farko ba ya ƙara alheri, yana ma iya ragewa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a lokacin da ya dace.

Sai abin da ba a rubuta shi a fayil. Mutumin da ke kan gadon nan shekaranjiya shi ke raba gardama a unguwa, shi ke ɗaura auren 'ya'yan mutane. Yau ba ya iya riƙe fitsarinsa, kuma wadda ke sauya masa zanin gado sa'ar jikarsa ce. Bahaushe da Bafulatani sun san nauyin kunya, wani dattijon ya gwammace ya ƙi cin abinci da dai ya nemi a kawo masa fo a gaban surukinsa. Nas mai hankali takan ja labule kafin ta ɗaga mayafi, ta sallami 'yan dubiya zuwa baranda, ta buɗe iya inda za ta wanke ta rufe sauran. In akwai namiji a bakin aiki ta bar masa wankan maza. Takan yi sallama kafin ta taɓa shi, ta gaya masa abin da za ta yi, ko da ba zai amsa ba.

Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci ga wanda bakinsa ya rufe. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon sukan sami matsalar harshe, kuma da yawansu suna jin duk abin da ake faɗa, amsar ce ta maƙale. Sai ka ga 'yan dubiya sun kewaye gado suna magana a kansa kamar ba ya nan: wane ma haka ya yi bai kwana bakwai ba, gonar fadama wa za a ba. Hawaye na bin kuncinsa, a ce ciwo ne. Ma'aikacin jinya na gari yakan tsaya ta ɓangaren da mara lafiya ke gani, ya rage tsawo har idanu su haɗu, ya yi tambaya ɗaya gajera wadda za a amsa da kai ko da matsa hannu, sannan ya jira. Jiran nan shi ne wahalar. A yankin da Fulani ke da yawa kamar Gwaram da Birnin Kudu, yana da kyau a tambayi dangi da wane harshe aka rene shi, domin wani lokaci harshen uwa ya fi saurin dawowa, tsohon da ya yi shiru da Hausa sai a ji ya amsa gaisuwar Fulatanci. Wani kuma da ba ya iya haɗa jimla, in aka ja masa abin da ya haddace tun yana yaro sai a ji ya bi, kuma ranar da iyali suka ji haka ba sa manta ta.

Salla ma tana cikin jinya. Abin da ke cin ran dattawa da yawa a kan gado ba hannun ba ne, lokutan sallar da ke wucewa ne alhali suna ganin jikinsu ba tsarki. Addini ya sauƙaƙa: wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa zama ya yi a kwance, wanda ruwa ya gagara ya yi taimama. Nas ɗin da ta gaya wa Inna cewa la'asar ta yi, ta gyara mata zani, ta nuna mata gabas, ta ce wa 'yarta ta kama mata alwala, ta yi maganin wata damuwa da ƙwaya ba ta kaiwa. Ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sukan faɗa ciwon baƙin ciki, kuma wanda ya yanke ƙauna ba ya yarda ya motsa gaɓa. Aikin jinya yana da asali a tarihin Musulunci: Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Khandaƙ.

Gaskiya ne ba kowane mai jinya ke komawa gida da yabo a baki ba. Ana kukan tsawa, ana kukan a kira nas da dare a ji shiru, kuma mai wannan hali ba shi da uzuri a gaban mutumin da ba ya iya kare kansa. Amma duk wanda ke son a gyara dole ya dubi ɗaya gefen. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Waɗanda ba su ƙetare ba ma birni ke janye su daga karkara. A asibitocin gwamnati da dama a Arewa, mutum ɗaya ko biyu ke kwana da ɗaki guda cike da gadaje. Juyin awa biyu ga mutum biyar masu shanyewar jiki, da awon zafi, da allurai, da sabon mara lafiya da aka shigo da shi tsakar dare, lissafi ne da ba ya fita ga hannu biyu komai kyan zuciyar mai su. Jihar da ke da makarantar jinya a Birnin Kudu bai kamata ta riƙa yaye wa Ingila da Saudiyya ma'aikata ba, ƙauyukan Gwaram na jira. Albashi a kan kari, gidan zama kusa da asibiti, wuta da ruwa da dare, da ware ko gado shida ne a kusurwa ɗaya don masu wannan ciwo tare da ma'aikatan da aka horar a kansa, duk abubuwa ne da hukuma za ta iya.

Ranar sallama dangi sukan yi murna, kuma sun cancanta. Sai dai gidan da za a koma ba shi da gado mai ɗaga kai, sai katifa a ƙasa, masai na tsugunne, ga dokin ƙofa mai tsawo. Mafi yawan sauƙin da ake samu a wata uku zuwa shida na farko yake zuwa, daidai lokacin da kuɗin mota zuwa Birnin Kudu ke ƙarewa, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, jinya ta koma kan mace ɗaya. A lokacin ne kuma ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada: jiki ya yi sauƙi, sai a ajiye maganin hawan jini. Hawan jini ba ya warkewa, danne shi ake yi, kuma wanda ciwon ya taɓa kayarwa ya fi kowa kusa da a sake kayar da shi.

Don haka mai karatu, in Allah ya ɗora maka jinyar wani naka, kada ka naɗe tabarma ranar sallama sai ka sami nas ɗin da ke bakin aiki ka ce ta nuna maka, da hannunka ba da baki ba, yadda za ka zaunar da shi ka ba shi abinci, yadda za ka juya shi ba ka ja kafaɗar ba, da inda za ka riƙa dubawa a fatarsa kowace safiya. Ka sa a rubuta maka ranar dawowa da sunan kowane magani. In ka sake ganin baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take, addu'a a yi ta a hanya. Kafin ka fita daga harabar asibitin kuma, kai ma ka miƙa damtsenka a auna jininka, awon ba ya cin minti biyar.